Tambaya da Amsa: Me zaren gilashi yake yi a madubin hangen taurari?

Tambaya: Na ji an ce masana taurari suna amfani da zaren gilashi, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙasa saboda intanet, wajen binciken galaksi. Mene ne haɗin wannan zare da sararin samaniya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam ɗalibi, abin da ka ji gaskiya ne. Hoto yana nuna inda galaksi, wato gungun biliyoyin taurari, yake a fuskar sama, amma ba ya faɗin nisansa. Sai an tarwatsa haskensa zuwa launuka kamar na bakan gizo, an auna yadda layukan da sinadaran galaksin suke bari a cikin launukan suka gusa wajen launin ja, sannan a san nisan, domin sararin samaniya yana ta faɗaɗa, kuma gwargwadon nisan galaksi gwargwadon gusawar. Wannan awo yana cin lokaci, kuma a da ɗaya bayan ɗaya ake yin sa.

Aikin zaren shi ne jigilar haske. Ana kafa bakinsa daidai inda hasken galaksi guda ya sauka a cikin madubin, ya ɗauke shi shi kaɗai zuwa na'urar rarrabe haske, ta yadda za a auna ɗaruruwa a lokaci ɗaya ba tare da haskensu ya cakuɗe ba.

Binciken Sloan, wanda ya fara a shekarar 2000 da madubi mai faɗin mita 2.5 a jihar New Mexico ta Amurka, ya yi amfani da farantan alminiyam da aka huda wa ramuka 640, kowane rami a gurbin abin da ake son aunawa, kuma ma'aikata ne suke cusa zaren a ramukan da hannu. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, tunda kowane yanki na sama sai an huda masa nasa farantin. A ganina, babban ci gaban da aka samu shi ne miƙa wannan wahala ga injina. Na'urar DESI da ke kan madubin Mayall mai faɗin mita 4 a dutsen Kitt Peak na jihar Arizona, wadda ta fara bincike a 2021, tana da zare 5,000, kowanne da ɗan ƙaramin injin da ke juya shi zuwa gurbinsa cikin 'yan mintoci, daga nan hasken ya bi zaren kusan mita 50 zuwa na'urorin rarrabe haske guda 10. Manufar ita ce a zana taswirar miliyoyin galaksi don gano yadda faɗaɗar sararin samaniya take ƙara sauri.

Sai dai dabarar tana da nata cikas: idan galaksi biyu suka yi kusa da juna sosai a fuskar sama, zare biyu ba sa iya zama a wurin tare, don haka dole a sake komawa yankin a wani zagaye, ko kuma a gyara giɓin da lissafi.