Tambaya da Amsa: Lissafin haske a kan allo, ina amfaninsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen fiziks. Wannan zangon darasin haske muke yi, amma malaminmu lissafi kawai yake cika allo da shi, kayan ɗakin gwaji kuma duk sun lalace. Anya ba ɓata lokaci muke yi ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Maganar kayan gwaji ku haɗu ku kai kukanku wurin shugaban sashe, haƙƙinku ne. Amma kada ki raina allon nan, don a ilimin haske sau da yawa alƙalami ne ke riga ido gani.

A 1818 wani injiniya Bafaranshe, Fresnel, ya miƙa wa majalisar masanan kimiyya ta Faransa lissafinsa cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa. Cikin alƙalan akwai Poisson, wanda bai yarda da maganar ba ko kaɗan. Sai ya bi lissafin don ya kunyata mai shi, ya ce in dai gaskiya ne, to idan aka tare haske da faifai zagayayye, dole a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwar. Wa zai yarda da haka? Arago, wani daga cikin alƙalan, ya je ya gwada, sai ga ɗigon nan ɓaro-ɓaro. Fresnel ya ci gasar, ɗigon kuma har yau da sunan Poisson ake yawan kiransa, abin da ke ba ni dariya duk shekarar da na koyar da shi.

Haka Maxwell, masanin fiziks ɗan Scotland: a 1865 ya fitar a takarda cewa haske kaɗawar lantarki da maganaɗisu ce mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Sai bayan rasuwarsa Hertz, wani masani Bajamushe, ya samar da igiyoyin rediyo a 1887, ya tabbatar da lissafin nasa.

Gwaji kuwa, ga wanda ba ya jiran kasafin jami'a. Ki sayi ƙaramar tocilan leza ja a kasuwa, ki tsinke silin gashinki guda, ki ɗaure shi a miƙe, ki haska shi zuwa bango mai nisan mita 2 cikin ɗaki mai duhu. Za ki ga layin ɗigo-ɗigo, haske da duhu na bin juna. Ki auna tazarar da ke tsakanin duhu da duhu a gefe guda, yawanci takan kai wajen santimita 2. Tsawon zangon jan hasken, wato tsawon igiyarsa guda, kusan nanomita 650 ne (nanomita biliyan ɗaya ne mita guda); ki ninka shi da nisan bango, ki raba da tazarar, kaurin gashinki zai fito. Lissafin da malaminku ke rubutawa ke nan. Sai dai ki kiyaye, kada lezar ta shiga idonki ko na ƙannenki, tana illa.