Ku Tambaya Mu Amsa: Tseren keken da agogonsa ba ya tsayawa

*Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Ni na ce babu tseren keke da ya kai Tour de France wahala, abokaina suka ce akwai waɗanda suka dame shi suka shanye. Ku raba mu.*
Wani matashi daga Karantina, Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A sauri babu kamar 'yan Tour de France, amma a jimiri abokanka sun fi ka gaskiya. Shi wancan zango 21 ne cikin mako uku, da hutun kwana biyu, kuma kowane dare mahayi yana cin abinci mai zafi ya kwana a katifa. Tseren da abokanka ke nufi, da an buga agogo ba ya tsayawa sai ka isa. Barcinka, cin abincinka, facin tayarka, duk a cikin lokacinka ake lissafa su.

Kashi biyu ne. Akwai wanda mota ke bin mahayi da masu yi masa hidima, babbansu shi ne Race Across America, wanda aka fara a 1982 da mutum huɗu kacal. Ana tashi daga Oceanside a gaɓar yammacin Amurka zuwa gaɓar gabas, wajen kilomita 4,800, kuma mai tafiya shi kaɗai kwana 12 aka ba shi. A kwanakin farko yana ratsa hamadar Kalifoniya da Arizona cikin zafin da mutumin Makka zai gane, daga nan ya hau mashigar dutse ta Wolf Creek mai tsayin mita 3,300. Christoph Strasser na Ostiriya ya ci shi sau shida. A 2014 ya gama cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56. In ka raba, kilomita 26 ne da ɗoriya a kowace awa, har da lokacin da yake barci.

Kashi na biyu kuwa babu mai taimakonka. Abin da ka ɗaura a keke da abin da ka saya a kanti, shi ke nan. Transcontinental, wanda Mike Hall ya kafa a 2013 daga Landan zuwa Istanbul, yana kai kilomita 4,000, kuma kai za ka zana hanyarka tsakanin wuraren da ake buga maka hatimi. Tour Divide yana tashi daga Banff a Kanada zuwa Antelope Wells a iyakar Meziko, kimanin kilomita 4,400, yawanci a hanyar burji. Silk Road Mountain Race na Kirgizistan, wanda aka fara a 2018, bai kai rabin wannan nisa ba, amma yana bi ta mashigai da suka haura mita 3,500, inda ƙanƙara ke iya zuba a watan Agusta, ga koguna da ake tsallakewa da keke a kafaɗa, ga tafiyar yini ba kanti.

In aka matsa mana mu zaɓa, na Amurka, wato Race Across America, ya fi cin jiki, na Kirgizistan ya fi saurin hukunta wanda ya yi kuskure.

*To waɗannan bayin Allah suna barci kuwa? Kuma me ke fara gazawa, mutum ko keke?*
Wani mai gyaran keke daga Shari' Mansur, Makka

Malam, mutum ne, kuma ba daga ƙafa yake fara lalacewa ba.

Na gaba-gaba a tseren Amurka suna kwanciya awa ɗaya zuwa biyu a kwana. Masu ɗawainiyar kansu sukan yi uku zuwa huɗu, don babu wanda zai lura musu da hanya. Bayan dare uku a haka ido yakan fara gizo, mutum ya ga itace ya zama mutum, ko ya yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu yana kan feda. Maganinsa ɗaya ne: da ka ji kai ya fara langaɓewa, ka sauka nesa da kwalta, ka sa ƙararrawar waya minti 20. Gahawa tana jinkirta bashin ne, ba ta biyan sa.

Sai wuya. Kan mutum ya kai kilo biyar, kuma a sunkuye jijiyoyin ƙeya ne ke riƙe da shi. Bayan kwanaki suna iya saki gaba ɗaya, haɓa ta faɗi a ƙirji, mahayi ya kasa ganin gabansa. Ana kiran ciwon da sunan Michael Shermer, wanda ya same shi a tseren 1983. Shi ya sa masu dogon zango ke ɗaga kan keke santimita biyu ko uku sama da na masu gudu. Hannu ma haka: jijiyar da ke gefen tafi in ta daɗe a danne, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan mutu, wani lokaci har watanni. A riƙa sauya riƙo kowane minti goma, a naɗa wa kan keken tef riɓi biyu, a ɗaura sandunan da ake ɗora gwiwar hannu a kai.

Wani abin da ke yawan fitar da mutane daga tsere, ko da yake ba a son faɗa, mikin sirdi ne, irin wanda doki ke yi. Gumi da gishiri da guga ke haɗuwa su ɓare fata, ƙwayar cuta ta shiga, ya zama maruru. Wandon keke mai soso a jiki ake sa shi, ba a sa wani a ƙarƙashinsa. A shafa man hana guga, a wanke wurin duk lokacin da aka tsaya alwala, a tafi da wando biyu. Tunda kai mai gyara ne, ga awo: tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa sau 0.883, shi ne nisan tsakiyar ƙarfen da hannayen feda biyu ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, a bayan gwiwa ya yi sama. Milimita uku ake motsawa a lokaci ɗaya, ba a fi ba.

Babban haɗari dai mota ce. Mike Hall kansa mota ce ta buge shi ya rasu kusa da Kanbera ranar 31 ga Maris, 2017, yana cikin tseren ratsa Ostireliya.

*Mata suna shiga?*
Wata Hajiya daga Riyad

Suna shiga, Hajiya, har su bar maza a baya. A 2019 Fiona Kolbinger, Bajamushiya mai binciken cutar daji, ta riga kowa a Transcontinental daga Burgas a Bulgeriya zuwa Brest a Faransa cikin kwana 10 da awa 2 da minti 48. A 2021 Leah Goldstein ta zo ta ɗaya a tseren Amurka.

*Ina yin kilomita 60 duk ranar Juma'a da asuba. Ta ina zan fara, kuma me zan ci a wannan zafin namu?*
Wani ɗalibi daga Madina

Madalla. Tsanin da aka saba hawa shi ne na Paris-Brest-Paris, tafiyar kilomita 1,200 cikin awa 90 da ake yi duk shekara huɗu, wadda asalinta ya koma 1891. Kafin a karɓe ka sai ka gama kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin 27, 600 cikin 40. Ko ba ka da niyyar zuwa Faransa, ka auna kanka da waɗannan. Ka riƙa ƙara kamar kilomita 10 a mako, mako na huɗu ka rage rabi. Cikin wata huɗu zuwa biyar 200 za ta zo hannu. Ka tsara doguwar ta faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da bazara, daga ƙarfe tara na safe zuwa la'asar ba lokacin keke ba ne a Madina, kuma ba jarunta ba ce a gwada.

Ciki yana iya sarrafa giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a awa. Giram 100 na dabino yana da wajen 70, don haka ka zauna a garin da ya dace. Amma dabino zalla bayan awa shida yana gundura kuma yana sakin ciki, sai ka cakuɗa da ayaba, gurasar tamis da ɗan cuku, ko shinkafa a leda. Ka ci kaɗan duk minti 20 tun kafin yunwa. Kabsa mai maiƙo a tsakiyar hanya za ta zauna maka a ƙirji awa biyu. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon gumi, da rubu'in ƙaramin cokali na gishiri a kowace lita. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yana zubar da gishiri, jininsa yakan tsinke: ciwon kai, amai, kumburin yatsu, ruɗewa. Mutane sukan ɗauka ƙishi ne su ƙara ruwa, abin ya ƙara muni. Wannan na asibiti ne. Haka wanda jikinsa ya yi zafi rau ya fara magana ba kan gado: inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a kira motar asibiti a 997.

Kaya: taya mai faɗin milimita 32, tib biyu, kayan faci, famfo, mahaɗin kaca, da ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a kai, don kowane keke da irin nasa, ba za ka same shi a ƙauye ba. In tayarka marar tib ce, ruwan da ke toshe huda yana bushewa da wuri a nan, ka duba shi duk wata biyu. Fitila biyu a baya, riga mai ƙyalli, hular kwano. Ka tambayi 'yan muruur, wato 'yan sandan hanya, hanyoyin da aka yarda keke ya bi kafin ka zana taka, ka kuma tura wa wani na gida wurin da kake ta waya.

Lokaci kuma a tsaye yake zubewa. Mai tafiya kilomita 22 a awa da ya tsaya awa ɗaya zai gama 200 cikin awa goma da 'yan mintuna. Mai 26 da ya ɓata awa uku a gidajen mai sai ya kusa sha ɗaya. Ka haɗa salla da cika gora da bayan gida da shafa mai a tsayuwa guda. Hukuncin kasaru da haɗa salloli a irin wannan tafiya kuwa, ka kai wa malaminka nisan hanyar kafin ranar.