Ku Tambayi Anti: Mu biyu ne kawai a garin nan, zaman ya fara isata

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowar, dukkansu daga sababbin ma'aurata ne da aiki ko karatu ya kai su nesa da gida. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Aurenmu bai kai shekara biyu ba, bayan biki da 'yan watanni aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa sosai, ba mu da kowa a nan, yaren garin ma ba wani ji nake ba. Farkon zuwanmu kam wallahi ba laifi, duk wiken sai mun fita mun zaga gari mun je wurin shaƙatawa mun yi hotuna, to amma yanzu abin ya mutu murus. Yana fita tun safe sai dare, in ya dawo ya ci abinci ya ɗau waya sai barci, ranar hutu kuma ya ce shi a gajiye yake. Ni kuma ina gida daga kwanciya sai danna waya, Ummata ma har ta fara tambayata wai lafiya nake yawan kira haka. Wani lokacin haka kawai sai in ji kuka ya zo min. Ba wai cutar da ni yake ba, yana ƙoƙari gaskiya, amma da na yi magana sai ya ce me na rasa. Anti ni ce ba ni da godiya ko kuwa?

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Ba rashin godiya ba ne, ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Abin da kika rasa mutane ne, kuma mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kin ga lokacin da kike gida hirarki a rarrabe take, wata da Umma, wata da yayyenki da ƙannenki, wata da ƙawa, wata da maƙwabciya da za ta leƙo ko minti biyar ne ta wuce, ba ki ma san ana cika miki rana ba saboda abin yana zuwa ne da kansa. Yanzu duk wannan hirar ta taru ta koma kan mutum ɗaya, shi ne miji shi ne ƙawa shi ne yaya shi ne maƙwabci, kuma babu namijin da zai iya ɗaukar wannan komai son da yake miki. Ga wani abin kuma, shi ya wuni cikin mutane a wurin aiki har surutu ya ishe shi, yana dawowa shiru yake nema, ke kuma kin wuni cikin shiru kina jiran a buɗe ƙofa ki samu wanda za ki yi wa magana. Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa in kika ce kin gaji sai ya ji kamar cewa kike ya gaza, sai ya fara lissafa miki abin da ya kawo.

Shi wannan daɗin farkon zuwa da kika ce ya wuce, haka yake yi wa kusan kowa. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Kalervo Oberg ya yi rubutu a kai tun 1960, ya ce wanda ya koma baƙon wuri yakan fara da ɗoki komai sabo komai burgewa, daga nan sai ƙunci ya biyo baya ya ji komai na garin yana ba shi haushi, sannan a hankali ya fara sabawa har ya zauna daram. Ke yanzu a mataki na biyun kike, kuma ana fita daga cikinsa. Kaɗaici kuwa duniya ta daina ɗaukarsa wasa, a 2018 gwamnatin Birtaniya har minista ta naɗa kan matsalar, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kafa kwamiti a kai a 2023. Na faɗa miki haka ne dan kar wani ya ce miki shagwaɓa ce.

To maganar fita. Ni abin da na lura da shi, fita tana mutuwa ne in aka mai da ita babban al'amari, sai an yi kwalliya sai an tanadi kuɗi sai an wuni a waje, mutumin da ya yi kwana biyar ko shida yana aiki da ya tuna haka sai gajiyar ta ninku. Ki rage ta. Tattaki na rabin awa bayan ya dawo ya huta, ko da sassafe ranar hutu kafin rana ta yi, ku bi layin da ba ku taɓa bi ba, ku hau bas ku je ƙarshen inda take tsayawa ku dawo, ku leƙa laburare ko gidan tarihi ko bakin ruwa in akwai, ko cefanen ma ku tafi tare maimakon shi kaɗai ya biya ya sayo a hanya. Kuma a sa mata rana da lokaci tsayayye, dan "wata rana za mu je" ba ta zuwa. Akwai wani malami a Amurka, Arthur Aron, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2000 da ya nuna ma'auratan da suke yin sabon abu tare, abin da ba su saba ba mai ɗan motsa jini, sun fi jin daɗin zamansu a kan waɗanda suka yi abin da aka saba kullum. Kin ga ke nan baƙon gari ma riba ce a wurinku, komai sabo ne ba sai kun biya ba. Tafiyar ƙafar kuma tana da nata amfanin, minti 150 na motsa jiki a sati ake so babba ya samu, rabin awa sau biyar ya cika, kuma wadda take wuni a ɗaki ko hasken rana ba ta gani barcinta ma lalacewa yake.

Amma dan Allah ki ji wannan da kyau, fita da miji kaɗai ba za ta warkar da ke ba. Dole ki samu naki mutanen a garin. Ku zauna da shi ku yi maganar, ajin koyon yaren garin, ko koyon sana'a, ko komawa karatu, ko wurin ibada, ko matan abokan aikinsa, duk inda za ki riƙa ganin fuskoki iri ɗaya sati bayan sati. Kuma kar ki karaya in kin je sau biyu ba ki yi ƙawa ba. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya bibiyi mutanen da ba su daɗe da komawa sabon gari ba, a 2018 ya fitar da cewa sai an yi kamar awa 50 tare kafin sani ya zama 'yar abota, kusan awa 90 a zama abokai, aminta kuwa sai ta haura awa 200. Ƙawayenki na gida shekaru kuka yi kuna tara waɗannan awannin ba ki sani ba.

Kiran Umma kar ki daina, amma ki sa masa lokaci, kiran bidiyo ɗaya mai tsawo da kin nutsu ya fi kira biyar na "me kuke yi yanzu", dan in kullum zuciyarki tana can to ba za ki taɓa zama a nan ba, ita ma kuma hankalinta tashi yake tana zaton wani abu ne. Sai maganar kukan nan, ita ce ta fi tsaya min a rai. In ya kai sati biyu kusan kullum kina cikin ƙunci, abin da kike so a da ya daina burge ki, barci ko cin abinci ya canza, to ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa min, ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da magani. In kina da ciki ko kin haihu kwanan nan ma kar ki jira sati biyun.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne amma ina bin shafinki a wayar madam. Karatu ne ya kawo mu nan ni da ita. Matsalata duk ɗan saɓanin da muka samu kafin in ankara ta kira mamanta ta faɗa mata, mu mun shirya har mun fita yawo mun dawo muna dariya, washegari sai ga kiran surukata tana min nasiha, yanzu har nauyin gaishe ta nake ji. Na yi magana ta ce to wa take da shi da za ta faɗa wa. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanena, tambayar da ta yi maka ka amsa ta tukuna, wa take da shi? In amsar babu ce to daga nan gyaran zai fara, ka koma ka karanta abin da na faɗa wa 'yar'uwarmu a sama, ka taimaka mata ta samu mutane, kar ka zama mai cewa kar a kira gida kuma kar a fita. Amma kai ma kana da gaskiya, kuma ke madam tunda a wayarki ake karantawa da ke nake. Uwa da take nesa rabin labari take ji, tana jin faɗan ba ta ganin shirin, ke kin manta zuwa dare ita kuwa ta kwana da shi tana juyi, a haka a haka sai ta tara wa mijinki laifin da ke kin daɗe da yafewa. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, ba kowane saɓani ne yake buƙatar alƙali ba. In kin riga kin kai ƙara to ki kai labarin sulhun ma, wannan haƙƙinsa ne.

Ku yi yarjejeniya lokacin da kuke cikin daɗi, ba tsakiyar faɗa ba. In rai ya ɓaci kowa ya ja gefe, John Gottman da ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata yana ba da shawarar a huta aƙalla minti 20 kafin a dawo kan maganar dan jiki ya sauka, kuma a cikin wannan lokacin ba a ɗaukar waya a kira kowa. In an kwana an tashi abin bai warware ba sai ku zaɓi babba ɗaya da ku duka kuka yarda da adalcinsa ku kira shi tare. Ita surukarka kuma ka riƙa kiranta haka kawai ka gaishe ta, kar ya zama muryarka ba ta jin ta sai an yi laifi.

Abu ɗaya ne ban yarda a rufe ba ko kaɗan, duka, ko barazana, ko ƙwace waya, ko kulle mace a hana ta magana da danginta. Wannan ba sirrin aure ba ne, duk wadda ake yi wa haka ta faɗa wa iyayenta da hukumar da ke kusa da ita a ranar, nisa da gida shi ne ma yake sa abin ya fi haɗari.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Mu Alhamdulillah muna fita abinmu ni da mijina, sai dai duk sanda na sa hotonmu a sitatus sai saƙon roƙo ya fara shigowa daga 'yan'uwa, nasa da nawa, an ɗauka kuɗi muke haƙowa alhali wallahi yawanci inda muke zuwa kyauta ne. In daina sawa ne?

AMSA: Ƙanwata ba sai kin daina ba, ki rage masu gani dai. A WhatsApp akwai inda za ki zaɓi waɗanda za su ga sitatus ɗinki, ko kuma ki tura wa iyaye da 'yan ɗakinku kai tsaye tunda su ganin lafiyarku suke so. Hoto ba ya nuna kuɗin haya da na wuta da na tikitin zuwa gida, mai kallo wurin kawai yake gani ya yi nasa lissafin. Ki kuma bari sai kun dawo gida kafin ki ɗora, ba kyau duniya ta san gidanku ba kowa a daidai wannan lokacin.

Roƙon kuwa ko da hoto ko babu zai zo, dan haka ku zauna da albashin a gabanku ku ware abin da za ku iya aikawa gida duk wata, ɓangarensa da naki, iyaye a gaba, ku ware na ajiya saboda tafiyar gaggawa dan wanda yake nesa rashin lafiya ko rasuwa ba ta ba shi notis, sannan ɗan na fitarku ko yaya yake kar ku ji kunyar ware shi. In na watan ya ƙare kowa ya amsa wa nasa dangin da bakinsa, cikin mutunci, cewa sai wani watan in Allah ya kai mu. Kar ki bari a ce ke kika hana, shi ma kar ya bari.