Ɗalibi da aikin gandun daji a jahar Maraɗi: ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi. Ina so in yi amfani da hutuna wajen aikin sa kai ko sitaj a fannin kula da dazuzzuka, amma ban san inda zan dosa ba, kuma wasu abokaina suna cewa ɓata lokaci ne tun da ba a biyan kuɗi. Ina zan nema, kuma me zan koya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Aikin sa kai da sitaj ba abu ɗaya ba ne, kuma ya kamata ka bambanta su tun kafin ka rubuta takardar nema. Mai aikin sa kai ƙarfinsa da lokacinsa yake bayarwa, kamar ɗaliban da ke fita dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, wadda ta zama ranar bikin itace a Nijar tun 1975. Shi kuwa sitaj karatu ne: akwai yarjejeniya tsakanin jami'a da ma'aikatar da ta karɓe ka, akwai jami'in da ke kula da kai, kuma a ƙarshe za ka rubuta rahoto a ba ka takardar shaida. Ɗan shekara ta biyu yana iya haɗa su duka, amma sitaj ne ke buƙatar shiri, domin haka a kansa zan fi tsayawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a jahar Maraɗi mafi yawan aikin daji a cikin gonar manomi ake yin sa, ba a cikin gandun gwamnati ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, an kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa da dasa su, amma kaɗan ne suka rayu, saboda zafin rana da iska mai yashi da dabbobin da ake saki bayan girbi. A nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984, kuma a nan ne, tun daga 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne na kututturan itatuwa masu saiwa a raye. Idan manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi, ya sare sauran, ya kare su daga wuta da bakin dabba, itacen zai tashi da sauri fiye da dasasshe, domin saiwarsa ta riga ta kai ga danshi. Wannan shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara shi, wadda ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya yi renonsa. Ɗalibin da ya yi wata biyu a ofis yana jera takardu, bai taɓa tsayawa tare da manomi a gaban kututturen sabara ko na kalgo ana shawarar wane reshe za a bari ba, bai ga aikin jaharsa ba tukuna.

Game da inda za ka nema, ka fara da malamanka, domin su ne ke da ɗalibai masu digiri na biyu da na uku da ke buƙatar mataimaka wajen ƙidayar itatuwa, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Bayan su akwai ofishin muhalli na jaha da rassansa na gundumomi, irin su Madarunfa, Agye, Tasawa, Mayahi da Dakwaro. Ina ba ka shawara ka roƙi a tura ka gunduma, domin a can jami'ai ba su da yawa, kuma duk fitar da za a yi da kai za a yi ta. Akwai kuma cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna, da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ayyukan raya karkara da ke farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Ka kai takardarka da kanka wata biyu kafin hutu, ka kuma faɗi abin da kake son koyo a jimla ɗaya, domin takardar da ta ce "kowane aiki" ita ce ake mantawa da ita.

Wurin da ka zaɓa shi zai yanke abin da za ka koya. A yankin Agye, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna wajen kwamitocin sa ido da mutanen gari suka kafa domin hana satar itace a gonaki, kuma a can za ka fahimci cewa rabin aikin sulhu ne tsakanin manomi da makiyayi da mata masu neman makamashi. A kwarin Gulbin Kaba maganar goriba ce, da yadda yawan yankar kaba domin tabarma da igiya ke hana ƙananan tashi su zama itace. A dajin Baban Rafi da ke kudu akwai kasuwannin itacen girki na karkara, tsarin da aka kafa a farkon shekarun 1990, inda ake raba daji kashi-kashi, a sare wannan a bar wancan ya huta, a kuma auna itacen a tari mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi kafin a sayar. Sai dai yankin iyaka da Najeriya yana fama da 'yan bindiga, saboda haka kada ka shiga wannan daji sai da izinin hukuma da rakiyar jami'ai, kuma idan aka ce a dakata, ka dakata. Mai sha'awar namun daji kuwa sai ya nufi arewa, gandun Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955 mai faɗin hekta 76,000, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018.

Lokaci ma yana da nasa hukunci, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke kuskure. Babban hutu yana faɗowa a damina, lokacin dashe, don haka kowa dashe yake gani. Amma haƙa rabin wata da tassa, wato ramukan tare ruwan sama, a fako da rani ake yi, renon iri a leda yana farawa wajen Maris da Afrilu, shi kuma sassabe kafin saukar ruwa ne. Wanda ya je a Agusta kaɗai zai tarar da gawo tsirara ba ganye, alhali amfaninsa ga dabbobi da rani yake bayyana, lokacin da yake da ganye da 'ya'ya. Tun da jami'arka tana cikin jahar, ka riƙa komawa wurin da ka yi sitaj a ranakun da ba karatu. Mafi amfanin aikin sa kai da na sani shi ne komawa filin da aka yi dashe a Agusta, a watan Afrilu, a ƙirga nawa suka rayu, domin wannan adadi ne da ba kasafai ake samun mai tattara shi ba.

Abin da ya kamata ka fito da shi a hannunka ba shi da yawa, amma dole ka iya shi sosai. Ka iya shata fili na gwaji, misali mita 50 a kan 50 a cikin gona, ka ɗauki matsayinsa da na'urar GPS ko da wayarka. Ka iya auna kaurin itace a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, ka raba kewayen da 3.14 ka samu faɗin gangar. Ka san kowane itace da sunansa na Hausa da na kimiyya, ka bambanta geza da sabara, ɗakwara da bagaruwa, ko da babu fure a kansu. Ka karanta dokar gandun daji ta 2004, domin manoma za su tambaye ka ko suna da ikon sare reshen gawon da ke gonarsu, kuma amsar da ba ta da tushe tana iya jawo wa mutum tara. Ka tuna kuma cewa tsofaffi da yawa suna kallon ma'aikacin gandun daji a matsayin mai kama mutane, saboda haka ka fara gaida mai gari, ka bayyana cewa kai ɗalibi ne, kuma kada ka shiga gonar kowa da ma'auni sai da saninsa.

Maganar abokanka a kan kuɗi tana da gaskiya a ciki: galibi ma'aikatun gwamnati ba sa biyan ɗalibi mai sitaj, wasu ayyukan raya karkara ne kan ba da kuɗin mota da abinci. Ka tambayi wannan a fili tun ranar farko, tare da maganar masauki, domin kada ka makale a ƙauye ba guzuri. Kafin ka bar wurin, ka karɓi takardar shaida mai ɗauke da kwanakin da ka yi da ayyukan da ka gudanar, ka bar wa ofishin kwafin rahotonka da alƙaluman da ka tattara, domin jami'in da ya karanta su shi ne za a tuntuɓa idan ka nemi sitaj na ƙarshen karatu a shekara mai zuwa.