Tambaya da Amsa: Yaya ake auna wutar lantarki da haske?

TAMBAYA: Malam, na ji an ce akwai na'urar da ke amfani da haske wajen auna yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ba tare da an jona ta da wayar ba. Shin gaskiya ne, kuma me ya haɗa haske da lantarki? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Gaskiya ne, ɗalibi, kuma ilimin ya daɗe. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kuma ana iya tace shi har kaɗawar ta koma fuska guda. A shekarar 1845, Michael Faraday na Ingila ya haska irin wannan tataccen haske ta cikin wani gilashi mai nauyi wanda aka haɗa da darma, ya ajiye gilashin kusa da maganaɗisu mai aiki da lantarki, sai ya ga da zarar an kunna maganaɗisun, fuskar kaɗawar takan murɗe. Yawan murɗewar ya danganta da ƙarfin maganaɗisun, da tsawon tafiyar hasken a cikin gilashin, da kuma irin gilashin kansa.

To, duk wayar da wuta ke bi ta cikinta, ƙarfin maganaɗisu na kewaye da ita daidai gwargwadon wutar. Saboda haka sai a naɗa siririn zaren gilashi, irin wanda ake jan intanet da shi, a kewayen wayar kamar awarwaro, a tura haske ta ciki, a auna murɗewarsa. Sau da yawa akan sa madubi a ƙarshen zaren, domin idan hasken ya juyo, murɗewar ba ta warwarewa, ninkawa take yi. Abin da ya fi burge ni shi ne, muddin zoben ya rufe ruf, wutar wayoyin da ke maƙwabtaka ba ta shiga lissafin.

Tsohuwar hanya ita ce taransifomar awo mai ƙarfe a ciki, wadda ƙarfenta kan ƙoshi da maganaɗisu har ta daina faɗin gaskiya idan wuta ta yi mugun yawa lokacin da waya ta haɗu da waya, wato daidai lokacin da aka fi bukatar sahihin awo. Tana da nauyi, manyanta cike suke da mai, kuma ba ta auna wutar da ke tafiya fuska ɗaya. Shi kuwa gilashi ba ya ɗaukar wuta, wanda babban sauƙi ne a manyan layuka masu bolt 330,000 irin na Najeriya, da masana'antun narka alminiyam inda wuta kan kai amfiya dubu ɗaruruwa.

Sai dai zafi da girgiza da lanƙwasar zaren su ma suna taɓa hasken, har su iya ɓata awon, shi ya sa ake murza zaren tun lokacin ƙera shi, a kuma sa na'ura mai gyara kuskuren da zafi ke jawowa.