Kafin ka rushe tsohuwar manhajar nan

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ka ce manhajar biyan albashi da ka tarar a wurin aikinka ta tsufa, kod ɗinta, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi, ya cukurkuɗe, kana so ka watsar da ita ka rubuta sabuwa cikin wata shida, manyanka kuma sun ƙi. Ka tambaye ni ko wannan ƙin taɓa tsohon aiki al'adar sana'a ce mai dalili, ko tsoro ne kawai.

Al'ada ce, kuma da wahala aka same ta. Ina sabon shiga aiki na ga wasu layukan kod uku a irin wannan manhaja, ba bayani a kansu, ban ga amfaninsu ba, na goge. Ashe su ke lissafa kwanakin leburorin da aka ɗauka a tsakiyar wata. Kwana biyu kafin Sallah mutanen nan suka yi layi a tagar mai biyan kuɗi, kowa da takardarsa a hannu, albashi bai cika ba. Har yau ina tuna wani dattijo da ya ƙirga nasa sau biyu, bai ce uffan ba, ya juya. Munin da kake gani a kod ɗin nan, yawancinsa tabon gyara ne. Wani ya kwana a ofis kafin ya gano matsalar, ya ɗinke, ya tafi bai rubuta dalili ba. In ka watsar, da wannan ilimin ka watsar.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. A 1998 kamfanin Netscape a Amurka ya bar tsohon kod ɗin manhajarsa ta shiga intanet ya koma gina sabo; sabon, wato Netscape 6, bai fito ba sai ƙarshen 2000, lokacin abokin gasarsa Internet Explorer na kamfanin Microsoft ya ci kasuwa. Bankin TSB a Birtaniya ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018, mutane suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, a 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48 da ɗoriya. Ga COBOL, yaren rubuta manhaja da aka ƙirƙiro tun 1959, har yanzu bankuna na aiki da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ban ce kada a taɓa ba. In ƙasan da manhajar ke tsaye a kai ya zaizaye, kamar yadda aka daina kula da yaren rubuta manhaja Python 2 a farkon 2020, dole a tashi. Amma ka tuna yadda kakanka yake gyaran gidan ƙasa: ɗaki ɗaya yake sauke wa rufi da rani, iyali na kwana a sauran. Haka za ka yi. Fara da rubuta gwaje-gwajen da za su kama abin da tsohuwar take yi yau. Ka ciro sashe guda, misali lissafin haraji, ka sake gina shi, ka bar tsoho da sabo su yi albashin wata uku tare, kana kwatanta su kwabo da kwabo.

Kafin wannan duka, je ka zauna da wanda ya fi daɗewa a sashen kuɗi, ka tambaye shi waɗanne watanni ne manhajar take ba su wahala. Abin da ya faɗa maka ka rubuta, ka zo mini da shi in ka zo Sallah mu duba tare. Ka gaida mahaifiyarka.