Ga ƙanwar da ta ce barci ya ƙaurace mata

Ƙanwata, kin ce wata uku da kai ki ɗakin kulawa ta musamman, mutum biyu sun cika a hannunki cikin mako guda, har kina tunanin ajiye aikin jinya. Wallahi ina karantawa na ga kaina.

Ni tawa da daminar 2021 ce, lokacin da kwalara ta cika mana gadaje a nan Jigawa. Cikin dare aka kawo wata yarinya mai cikin fari a amalanke, tana jijjiga tun la'asar. Na yi mata magnesium ɗin farko, allurar tsayar da jijjiga, giram 4 a jijiya, 10 a ɗuwawu, ta ɗan lafa. Sai aka ɗauke wuta, injin oksijin ya tsaya, janareta ba mai. Fitilar waya a bakina, ina matsa ambu, jakar hura wa majinyaci iska, da hannu har yatsuna suka sage. Ana kiran assalatu ta cika. Uwarta ta dafa ni ta ce, "Sannu 'yar nan, kwana ne ya ƙare." Da ma zagina ta yi.

Da safe shugabar sashenmu ko sannu. Cewa ta yi ba a kuka da yunifom, in je in gyara rahoto. Ita da na kira sau shida, wayarta a kashe! Har yau muna gaisawa, amma dai Allah Ya sani.

Ki yi kukanki. Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ni yanzu da kaina nake rufe wa mamaci ido, in yi masa addu'a, in yi alwala, sannan in taɓa fayil. Kuma ki rubuta komai da lokacinsa, don ranar neman mai laifi takarda ce kaɗai za ta tsaya miki. Ki ci abinci, ko kunu ne. Kada ki kwashe labarin ki kai gida, maigida ba zai gane ba, nawa cewa ya yi in koma koyarwa. Ki samu abokiyar aiki ɗaya da za ku zauna bayan miƙa aiki.

In rashin barcin ya haura wata guda, ki ga likita, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne, ba hauka ba ne. Kafin nan ki roƙi a cire ki daga aikin dare na sati biyu.